Abin da Na Koya Daga Karanta wa Jama'a Labarin Ganɗoki

Ƙagaggun labaran da aka gina a kan yaƙe-yaƙen tarihi ba su da yawa a Hausa, kuma wanda ya fi daɗewa a hannun mutane shi ne Ganɗoki na Malam Muhammadu Bello Kagara, wanda ya fito a 1934 bayan gasar rubutun da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East. Shi na zaɓa lokacin da samarin unguwarmu suka nemi in riƙa karanta musu littafi a zaure bayan sallar isha'i a kwanakin hutu, domin ina so in ga ko labarin barade da dawakai zai iya riƙe yaran da idonsu ya saba da waya. Ya riƙe su, har ya janyo dattawan da ban gayyata ba.

Kafin mu fara na zauna na jera tarihin da labarin ya jingina da shi, saboda na san tambayoyi za su zo. Sojojin Turawa ƙarƙashin Lugard sun ci Kontagora da Bida a farkon 1901, Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, wato sarkin Kontagora, ya bar garinsa, aka kama shi daga baya. Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu 1903 alhali Sarki Alu ba ya gari, Sakkwato ta biyo baya ranar 15 ga Maris bayan karon da aka yi a Giginya, sannan Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira zuwa gabas da ɗimbin jama'a har aka kashe shi a Burmi, cikin jihar Gombe ta yau, ranar 27 ga Yuli. Ragowar mutanensa suka ci gaba tare da ɗansa Mai Wurno har ƙasar Sudan, inda garin da suka kafa yake ɗauke da sunansa har yanzu. Wannan jeri ya yi mini amfani ƙwarai, amma na lura da cewa idan na gabatar da shi kafin karatu sai fuskoki su yi nauyi kamar ana aji, idan kuwa na bari sai wani ya tambaya tukuna, kowace shekara da na ambata zama take yi a kansu.

Darasi mafi girma shi ne cewa irin wannan littafi da baki ake cin moriyarsa. Kirarin jarumi idan aka karanta shi a zuci ba ya wuce jerin kalmomi, amma da zarar an ɗaga murya an ba kowace gaɓa haƙƙinta, sai ka ga masu sauraro sun gyara zama. Kuma abin da ya fi jan hankalinsu ba yawan waɗanda aka kashe ba ne, kayan yaƙin ne da yadda ake aiki da su. Yawancin samarin ba su taɓa ganin lifidi ba sai a hawan sallah, ba su san cewa auduga ake cusawa a ɗinke ta yi kauri domin ta tare kibiya ga doki da mahayinsa ba, ba su kuma san bambancin sulke da kwalkwali ba. Wani dattijo da kakansa ya yi zamani da waɗannan abubuwa ya karɓi bayanin daga hannuna, ya kwatanta yadda 'yan lifidi ke shiga gaba su fasa sahu, 'yan baka da dakaru na biye. Daga nan ne na samu hanyar bayyana musu dalilin da ya sa jarumtaka ba ta wadatar ba a 1903: sojojin Turawa, waɗanda galibinsu 'yan ƙasa ne da aka ɗauka aiki, sukan tsaya ne a sahu mai kusurwa huɗu da bindiga mai ruwa da igwa, don haka mahayi yakan faɗi tun bai kai inda mashinsa zai yi aiki ba. A daren da muka yi wannan magana babu wanda ya yi dariya.

Gardama ta tashi ne inda labarin ya bar ƙasar da muka sani ya shiga duniyar aljannu. Wani ɗalibin jami'a ya ce, "Malam, ai nan marubucin ya bar tarihi ya koma tatsuniya." Dattawan ba su ga laifin hakan ba ko kaɗan, domin a wurinsu mai ba da labarin yaƙi da bai ƙara gishiri ba bai iya ba da labari ba. Ni ra'ayina ya fi karkata ga dattawan, amma ba don dalilinsu kaɗai ba. Na ga cewa masu sauraro sun amince wa marubucin ne tun a kashi na farko, inda sunayen garuruwa da sarakuna da tsarin yaƙi suka zo daidai da abin da suka ji a gida, shi ya sa suka bi shi zuwa inda ya ga dama daga baya. Da ya yi sakaci da ƙananan abubuwan da ake iya tantancewa, da ba su yafe masa manyan da ya ƙaga ba.

Akwai wurin da ya fi wannan wuya. Sarkin Sudan da littafin ya nuna a matsayin uban gidan jarumi sananne ne a tarihi da hare-haren kama bayi a ƙasar Gwari da maƙwabtanta, kuma a cikin masu saurarona akwai wanda asalinsa can ne. Ban ɓoye wannan ba, ban kuma mayar da zaman kotu ba. Na faɗi abin da tarihi ya tabbatar, muka ci gaba da karatu, kuma yaron bai daina zuwa ba. Mai karanta wa jama'a labarin yaƙi dole ya tuna cewa jikokin ɓangarorin biyu suna iya kasancewa a tabarma ɗaya.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne yadda ƙaunar labarin ta koma kan mai shi. Tun ba mu kai rabi ba aka fara tambayata wane ne Bello Kagara. Na gaya musu cewa an haife shi a 1890, wato yana yaro mai wayo lokacin da Kontagora ta faɗi, ya koyar a Kwalejin Katsina, ya zama Walin Katsina, ya rasu a 1971, kuma wan Abubakar Imam ne. Jin cewa ya rayu a zamanin da yake ba da labarinsa ya ƙara masa daraja a idonsu fiye da duk wani yabon da zan iya yi wa salonsa. Dattawan da suka karanta littafin a firamare ba su yi sharhi ba, addu'a suka yi masa, kowa na cewa Allah ya jiƙan Malam Bello, kamar wanda suka zauna da shi. Samarin kuwa godiyarsu ta fito ne ta wata hanya, domin wasunsu sun je kasuwa sun nemo nasu kwafin, wasu kuma suka fara yi wa juna kirari da baitocin da suka haddace.

Da muka kammala, buƙatar da suka kawo mini ita ce in samo musu labarin Burmi daga bakin talakan da ya bi hijirar a ƙafa da iyalinsa, ba daga bakin barde ba. Biyu daga cikinsu sun riga sun fara zuwa wurin tsofaffin danginsu suna rubuta abin da suka ji daga iyayensu game da wannan tafiya.