Wata biyar ina koyon kare kai, ga inda na kai

Salam 'yan uwana mata masu koyo, yau wata biyar cif da na fara zuwa ajin judo da kare kai, sau biyu a sati, na ce bari in cika alkawari in faɗa muku inda nake.

Watan farko duk a faɗuwa ya ƙare, ukemi suke ce masa da Japananci, ki faɗi ta baya ki manna haɓa a ƙirji ki daki katifa da hannu don kar ƙeyarki ta bugu. Yanzu jikina da kansa yake yi, wannan kam an wuce wurin.

Inda nake so mu daɗe shi ne ƙwatar hannu. Malama ta nuna mana in an riƙe miki wuyan hannu kar ki tsaya ja-in-ja, ki murɗa ta wajen babban yatsan mai riƙon don nan ne riƙo ya fi rauni, ki matso da gwiwar hannu jikinki ki juya da ƙugu. Sati uku ina yi da abokiyar atisayena hannu na fita sumul, har na fara jin na iya. Rannan malama ta ce yau kowa ta riƙe da gaske, wata da ta fi ni jiki sosai ta damƙe ni, wallahi hannuna ko gezau bai yi ba, kaina ya ɗauke wuta, duk abin da na haddace ya bi iska. Na koma gida raina a jagule, sai daga baya na gane ashe kara muke yi wa juna ni da abokiyata, tana sakar min ina sakar mata, kuma wanda zai tare ki a hanya ba zai yi miki kara ba. Tun daga nan muka daina. Ai shi ya sa Jigoro Kano da ya kafa judo a 1882 ya ba randori muhimmanci, wato kokawa da abokin da yake turjewa da gaske. Yanzu cikin riƙo goma ina ƙwacewa a shida ko bakwai, don Allah in ajinku ba a irin wannan ku tambayi dalili.

Amma kun san abin da ya fi ba ni wuya? Murya. A ce ki tsaya ki kalli mutum ido cikin ido ki daka tsawa, tsaya nan, kar ka matso, ranar farko muryata rawa take kamar zan yi kuka, kunya duk ta rufe ni. Na so in raina wannan ɓangaren sai na karanta binciken da Charlene Senn ta jagoranta a Kanada, wanda ya fito a 2015, ɗalibai mata 'yan ajin farko kusan 900 a jami'o'i uku, aka ba rabinsu horo na awa 12 kacal, bayan shekara ɗaya waɗanda aka yi wa fyaɗe cikin masu horon kashi 5.2 ne cikin ɗari, sauran kuma 9.8, kin ga kusan rabi kenan. Kuma horon ba duka ne naushi ba, yawancinsa koyon gane haɗari ne da wuri da kuma cire nauyin baki, saboda mafi yawan lokaci wanda kika sani ne yake cutarwa, shi kuwa ai shi ake jin nauyin yi wa tsawa. A Nairobi ma an gwada horon sati shida da 'yan makaranta mata, sama da rabinsu suka ce sun yi amfani da abin da suka koya sun tare hari, da yawansu da baki kawai.

To ni dai na yarda abin yana aiki, amma ba zan yaudare ku ba, girman jiki gaskiya ne, kuma in akwai wuƙa malama ta ce ki ba da jaka ki gudu, kaya ake nema a ba da kaya. Duk abin da muke koya don mu samu daƙiƙa biyu ne na tserewa. Wadda kuma abin ya taɓa faruwa da ita jikinta ya sandare ta kasa komai, wallahi ba laifinta ba ne, ni a kan katifa cikin mutanen da na yarda da su ma na sandare.

Watan nan mun shiga fita daga ƙasa in an danne ki, ki kama hannu ɗaya da ƙafa ɗaya na wanda ya danne ki, na gefe guda, ki ɗaga ƙugu sama ki mirgina. Ta dama yana min, ta hagu har yanzu ƙuguna baya tashi yadda ya kamata, kullum da safe ina ɗagawa sau ashirin a ƙasa, ranar Laraba zan sake gwadawa da wadda ta damƙe ni ɗin nan.