Kwana uku a Sakkwato a kan kunun Gwaggo

Taubashiyata ce ta tayar da ni daga Zariya. Ta gama bautar ƙasa, aiki bai samu ba, sai ta yanke shawarar ta riƙa ɗura kunun zaƙin mahaifiyarta a gorar roba tana kai wa shaguna. Sati biyu da farawa ta kira ni a waya murya a dagule. Mai shago ɗaya ya ce na jiya ya fi na yau, wani ya ce na yau ya yi ruwa, wata malamar asibiti kuma ta dawo da gora uku wai sun yi tsami. "Kai da kake cika wa mutane baki ka karanta ilmin sinadarai," in ji ta, "zo ka nuna mana amfanin bokon naka." Tsakanin ɗan mace da ɗan namiji ba a fushi da irin wannan magana, ramawa ake yi. Na ce mata zan zo, amma ta tanadi kuɗin aikina.

Na shiga mota bayan sallar asuba, farkon watan Afrilu, bayan ƙaramar salla da 'yan kwanaki. Tafiyar ta kai wajen kilomita 400: Funtuwa, Tsafe, Gusau, Talatar Mafara, Tureta, sai Dange da Shuni. Daga Funtuwa har muka wuce Tsafe babu mai magana a motar sai carbi da ke motsi, kowa ya san dalili. Da muka bar Gusau hira ta dawo, zafi kuma ya kama aiki. Iskar da ke shigowa ta taga kamar daga bakin murhu take fitowa. A wannan wata zafin Sakkwato yakan haura digiri 40 da rana, kuma na riƙe wannan a raina, don daga baya ya shigo cikin maganar kunun.

Gidan Gwaggo yana cikin tsohon gari, ba nisa da Hubbaren Shehu. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta miƙo mini ƙwarya. "Sha tukuna, ɗiyana, ka kashe ƙishirwa. Magana ba ta ƙarewa." Na kafa kai. Kunun ba fari tas ba ne, ya ɗan ja zuwa ruwan ƙasa. Ƙamshin citta ne ya fara dukan hanci, kanumfari na biye, sannan wani zaƙi mai laushi wanda ba irin na sukari ba, ba ya tsaya wa mutum a maƙogwaro. Can ƙarshe, bayan na haɗiye, sai ɗan tsami ya taɓa gefen harshe ya wuce. Na ajiye ƙwaryar babu komai a ciki. Na ce wa taubashiyata ban ga abin gyara a nan ba, ta biya ni kuɗin mota in koma. Ta ce in bari gobe ta yi.

Da dare na zauna a tsakar gida da littafi da biro ina kallon yadda ake yi. Gero ne aka jiƙa tun safe, aka wanke, aka kai markaɗe tare da citta da kanumfari da ɗan masoro da busasshen dankalin Hausa. Ƙullun sai a raba shi biyu, babban kashi da ƙarami. Babban a sheƙa masa tafasasshen ruwa a dama ya yi kauri kamar koko. Ƙaramin a bar shi ɗanye, a haɗa shi da garin tsiro. Yawancin masu kunu tsiron shinkafa ko na dawa suke sawa. Gwaggo ita tsiron alkama take sawa, alkamar da wani ɗan'uwan mijinta ke nomawa da rani a wajen Goronyo, inda ruwan madatsa ke ba su damar shuka ta cikin sanyin hunturu su girbe kafin zafi ya yi ƙarfi. Takan jiƙa ta, ta shimfiɗa a buhu mai danshi har ta fito da ɗan farin tsiro, ta shanya, ta daka. Idan damammen ya ɗan huce sai a juye ɗanyen a ciki, a gauraya, a rufe, a bar shi ya kwana. Da asuba a tace.

Abin da ke faruwa cikin daren nan shi ne duk sirrin. Ƙwayar hatsi idan ta tsira tana samar da wani sinadari mai narkar da sitaci ya koma sukari, don ta ciyar da jaririn tsironta. Dankalin Hausa ma yana da irinsa. Shi ya sa abin da aka rufe da kauri ake buɗe shi da safe ya tsinke ya yi zaƙi ba a sa masa komai ba. Amma sinadarin nan ɗan lele ne. In aka zuba shi kunu na da zafi sosai, ya mutu, a wayi gari da koko. In an bari ya huce da yawa, aikinsa ya yi sanyi. Bayan shi kuma akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, dangin waɗanda ke mayar da madara nono, su ne ke cin sukarin su kawo tsami, kuma dare mai zafi ya fi yi musu daɗin aiki.

Na zo da ma'aunin zafi daga ɗakin gwaje-gwajen makarantar da nake koyarwa, kuma a gaskiya na zo da zargina a shirye: hannun tsohuwa ne ke kuskure. Gwaggo ba ta da awo. Bayan hannunta take ɗorawa a gefen masaki, ta yi jim, ta ce "Da saura," ko ta ce "Kawo." Da ta ce kawo na tsoma ma'aunina. Ta dube ni ta dubi abin. "Mi kaka nema ciki? Allura za ka yi mishi?" Na rubuta digiri 62.

Washegari kunun ya fito, kuma ba na jiya ba ne. Tsamin ya matso gaba, zaƙin ya ja baya, sannan akwai wani yaji-yaji da ban ji jiya ba.

A zauren gidan akwai majalisa da ke haɗuwa da hantsi, su ne alƙalan kunun Gwaggo tun kafin a yi maganar gora. Akwai wani tsohon tela, da wani ɗan kabu-kabu da ke tsayawa ya sha kafin ya koma bakin titi, da maƙwabcinsu malamin jami'a da kowa ke kira Dakta, yana koyarwa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Tela ya kurɓa ya lumshe ido ya ce yau anka yi kunu, na jiya na yara ne. Ɗan kabu-kabu ya ce a'a Baba, wanga ya yi tsami, in ya sha shi da rana ƙwannafi zai sa shi. Tela ya ce yaran yanzu lemon kwalba ya lalata musu harshe. Suka juyo gare ni in raba gardama, na ce ni baƙo ne, baƙo kuwa ba ya raba faɗan 'yan gida.

Dakta ne ya ba ni labarin da ya fi tsaya mini a rai. Ya yi karatu a Jamus, a yankin Bavariya, inda suka shahara da giyar alkama. Ya riga ni cewa bai taɓa kai ta baki ba, amma darasin ƙananan halittu ya kai su ɗakunan da ake dafa ta. A ƙa'idarsu, in ji shi, aƙalla rabin tsiron da aka yi ta da shi dole ya zama na alkama. Masu shanta suna yabonta da ƙamshin ayaba da na kanumfari, alhali babu ayaba babu kanumfari a ciki, yis ɗin da ke kumbura ta ne ke haifar da ƙamshin biyu. In ɗakin ya ɗan ƙara ɗumi, ayaba ta rinjaya. Mutanen da tun 1516 suke da dokar abin da za a sa a giya, da tankunan ƙarfe da na'urar sanyaya ɗaki, duk da haka ƙananan masu dafawarsu na fama da masu saye da ke cewa ta watan jiya ta fi ta wannan watan. "To bare Inna," ya ce, "da ke aiki da masaki a tsakar gida cikin zahin Sakkwato." Tela ya yi a'uziyya da jin an haɗa kunu da giya a zance ɗaya. Dakta ya yi dariya ya ce bambancin a fili yake: su suna sa yis su bar shi kwanaki don ya zama abin maye, mu kuwa dare ɗaya ne a tace a shanye. Ya tuna masa kuma cewa ko jiƙon zabibi da ake yi wa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ba ya wuce yammacin kwana na uku. Gwaggo ma ba ta bari nata ya kwana biyu. Da ya fara kumfa, awaki ke samun rabo.

Da yamma na ɗan zaga gari don kada a ce na zo Sakkwato ban ga komai ba sai ƙwarya. Na shiga Hubbare na yi wa Shehu Usmanu addu'a, shi da ya rasu a 1817 a wannan gari da ɗansa Muhammadu Bello ya kafa a 1809. Na leƙa gidan adana tarihi na Waziri Junaidu, amma hankalina na kan yajin nan da na ji da safe. Daga ina ya fito, alhali a gabana aka auna citta da masoro?

Amsar na wajen mai injin markaɗe. Na bi yarinyar da ake aike da ƙullu, na tsaya a layi. Matar da ke gabanmu tattasai da attaruhu da albasa ta kawo. Mai inji ya gama nata, ya watsa ruwa kofi ɗaya, ya karɓi namu. Na tambayi yarinyar jiya fa, wa ke gabanta? Ta ce mai waken ƙosai. Shekaranjiya kuwa ita ce ta farko. Na tsaya ina dariya ni kaɗai a bakin inji har mai injin ya tambaya ko lafiya.

Daren nan na sake aunawa lokacin da Gwaggo ta ce kawo: 61. Dare na uku, 63. Hannun da na zo in kama da laifi bai taɓa kauce wa kansa da fiye da digiri biyu ba. Na faɗa mata, ta ce, "Shekara arba'in ina damawa, sai yau kwalba za ta ba ni shaida?"

Sauran abubuwan ne ke yawo. Ruwa wata rana na rijiyar gida ne, wata rana na 'yan ga-ruwa. Garin tsiro sabon daka ya fi wanda ya yi wata a gwangwani ƙarfi. Daren da iska ta ɗan kaɗa daban, daren da gari ya yi cik daban. Sai babban abin da uwa da 'ya suka daɗe suna ja a kai: mazubi. Gwaggo a tsohon masakinta take kwantar da kunu, ɗauraya kawai take yi masa ta kife a rana. Taubashiyata ta sayo sababbin bokitan roba tana wanke su da sabulu, don ta ji cewa masu ba da lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, suna duba tsafta, kuma gaskiyarta ne. Muka raba ƙullu ɗaya gida biyu a dare na uku, rabi a masaki rabi a bokiti. Na bokiti ya fito da zaƙi, fes, amma shiru, kamar miyar da aka manta daddawa. Na masaki shi ne mai ɗan tsamin nan na ƙarshen harshe. Dakta ya ce jikin ƙwarya na riƙe irin halittun jiya su zama iri ga na yau, kamar yadda matan Fulani ke barin ɗan tsohon nono a ƙwarya.

Muka kai wa majalisa kofi biyu-biyu ba mu faɗa musu wanne ne wanne ba. Tela ya zaɓi na masaki tun kafin ya haɗiye. Ɗan kabu-kabu ya zaɓi na bokiti, ya ce wannan ko ɗari biyu aka ce zai saya. Dakta ya haɗa biyun a kofi ɗaya ya shanye, ya ƙi cewa komai.

Ni dai ra'ayina, na gaya wa taubashiyata, wanda ya sayi abu a gora da takarda manne a jiki yana da haƙƙin ya samu gobe abin da ya samu yau, don haka dole ta tsayar da abin da ke tsayuwa. Ta riƙa zuwa inji da sassafe ta zama ta farko, ko ta biya a wanke shi sosai. Ruwa ya zama guda. Tsiro a daka na sati-sati. Ta riƙa ɗiban ludayi ɗaya daga masakin Gwaggo tana zubawa a kowane bokiti, ta tace da wuri a daren da aka yi zafi, ta sa a ƙanƙara nan take tunda wuta ba abin dogaro ba ce. Amma na shaguna ne wannan. Na zaure kuwa na roƙe ta kada ta taɓa shi. Na rubuta mata komai a littafin, da awo da lokaci, shafi shida. Kuɗin aikina ta biya ni da gora biyu masu sanyi.

Kafin mu kai Talatar Mafara sanyin ya gudu. A Gusau na buɗe ta biyu, murfin ya yi tsaki, na miƙa wa direba rabi. Ya sha ya goge baki ya ce wannan kunun tsofaffi ne, a ina ake sayar da shi?

Washegarin saukata Zariya wayata ta yi ƙara. Taubashiyata ce, tana ta murna: na yau ya fi na kullum, har tela da ɗan kabu-kabu sun yarda da juna, abin da ba a taɓa gani ba. Na ce maza ta duba abin da ta yi ta rubuta, ruwan wane ne, ƙarfe nawa ta tace. Ta ce a ina za ta rubuta, ta nemi littafin tun safe ba ta gani ba. Na zuge jakata. Yana ciki, ƙarƙashin ma'aunin zafi.