Garwa, Laraba: bakin Baffa ya karkace

Da asuba Inna ta kira ni daga asibiti, muryarta na rawa: "Maza ki zo, jikin Baffanki ya rikice." Ko kallabi ban gama ɗaurawa ba na tare ɗan mashin.

Korona ce ta kwantar da shi, ana ba shi iskar oksijin, amma jiya har kunu ya sha, ya tambayi labarin shagonsa. Cikin dare wai ya dafe kai da hannu biyu yana salati, sai amai, sai hannun dama ya saki. Da na iso ido kawai yake bi na da shi, yana son magana harshe ya ƙi.

Hoton sikana ya nuna jini ya zuba a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa. Likitan ya ɗaga hoton wajen hasken taga, ya sa biro a kan wani farin tabo kamar ƙwayar goro, ya yi mini bayani rabi da Faransanci rabi da Fillanci. Ya ce korona ba a huhu kaɗai take tsayawa ba. Ƙofar da take bi ta shiga jiki, ACE2, akwai ta a bangon jijiyoyin jini, kuma jijiyoyin kan kumbura su yi rauni. Abin da aka fi gani shi ne jini ya daskare ya toshe hanya, shi ya sa ake yi wa masu kwanciya allurar heparin don ya tsinke. To ga Baffa da tsohon hawan jini, wanda ba ya shan maganinsa sai ƙeya ta dame shi. Fashewar jijiya ba ta kai toshewa yawa ba, in ji likita, sai dai ta fi kisa.

An tsayar da allurar nan take, ana saukar da hawan jinin a hankali, an ɗaga kan gadon.

Yaya ya iso da faɗa, wai allurarsu ce ta jawo. Ni dai ban ga laifin likita ba: in ya bari jini ya daskare, in ya tsinka shi jijiya ta fashe, ina zai sa kansa? Gwaggo kuma ta ce iska ce, ta zo da rubutu a gora. Ma'aikaciyar jinya ta ce: "Hajiya, ki yi haƙuri, ba ya iya haɗiya, zai shaƙe." Aka shafa masa a fuska. Asfirin ɗin da wani maƙwabci ya kawo kuwa ni na karɓe na jefa a jaka, don ƙara zubar jinin zai yi.

An yi zancen Yawunde saboda tiyata, amma sai an kai Ngaundere a mota, sannan a kwana cikin jirgin ƙasa. Likita ya ce jikinsa ba zai ɗauka ba yanzu. Gobe za a sake hoto, Yaya ya tafi kasuwa neman kuɗin wajen abokan cinikin Baffa.