Abin da ajin yamma ya koya mani

Shekara ta huɗu kenan ina riƙe da wani ɗan shiri na maida matasan da suka bar makaranta aji, su ida sakandare su samu takarda, nan cikin garin Katsina. Aron ajujuwa muke a wata firamare can wajen Ƙofar Marusa bayan yara sun tashi, mu biyar ne malaman har da ni, alawus ɗin kau in na faɗa sai ku yi dariya. Jiya ina kwashe tarkace cikin kwabad na ci karo da littafin rajistarmu na shekarar farko, na zauna bisa benci ina buɗawa ina jin kunyar kaina, shi ne na ce bari in rubuta ko wani mai shirin fara irin wannan aiki zai rage hanya.

Da muka fara ni a kaina matsalar ɗaya ce, kuɗi. Na ɗauka duk wanda ya bar boko kuɗin jarabawa ne ya gagare shi, in an samu masu hali sun biya mashi WAEC ko NECO ai magana ta ƙare. Muka yi sanarwa a masallatai da guruf-guruf na WhatsApp, sati biyu littafi ya cika, na ɗauki hoton layin masu rubuta suna na tura ma waɗanda suka sa kuɗinsu kowa na ta sa albarka. Ba a yi wata uku ba aji ya koma kwata. Kuma wallahi ban daina rubuta adadin farko cikin rahoto ba sai da wani dattijo cikin masu tallafa mana ya faɗo wata Laraba ba sanarwa, ya tsaya bakin ƙofa ya ƙirga kawuna da bakin sandarshi, ya juyo ya ce "Malam, sauran suna masallaci ne?" Ban samu abin cewa ba.

Daga nan na fara bin waɗanda suka ɓace ɗaya bayan ɗaya, a nan ne karatun nawa ya fara.

Akwai wani matashi mai gyaran waya, zai yi shekara ashirin da biyar, yaron da zai kwance maka waya ya ɗaga abin da ko ganinshi ba ka yi da kyau ya maida ta tashi. A fam ya rubuta ya gama aji uku na ƙaramar sakandare, kuma ba ƙarya ya yi ba, ya gama ɗin. Ranar da malamin Turanci ya ce ya tashi ya karanta sakin layi ɗaya sai ya ce idonshi ke ciwo, washegari ba mu gan shi ba, sati ya zagayo shiru. Na iske shi rumfarshi yana lanƙwashe bisa wata waya da ƙarfen soda a hannu, ya ba ni kujera ya aika aka kawo mani ruwa, muka yi ta kewaye-kewaye kafin ya ce "Malam, ka ga yaran nan na gaban aji? Ƙannen bayana ne, ɗaya ma yaron shagona ne. In tsaya ina in-ina gabansu gobe in ce ya miƙo mani sukundireba?" Bai iya karanta jimlar Turanci ba, Hausar boko ma da ƙyar yake haɗawa, amma ya sauke Alƙur'ani kuma lissafin kuɗi a ka ba mai cutarshi ko sisi.

Mu kau mun ɗauko manhajar aji shida muna zuba masu kamar ana cika randa mai huda. Laifinmu ne, mun yarda da abin da takarda ta ce ba mu zauna da mutum ba. Yanzu duk wanda ya zo, kafin sunanshi ya shiga littafi sai mun zauna ni da shi mu biyu ƙarƙashin bedin da ke bayan aji inda ba mai jinmu, in ba shi Hausa ya karanta, in ba shi Turanci mai sauƙi, in ba shi raba-rabe da ɗan kaso. Minti goma ya isa ka san inda mutum ya tsaya. Muka kasa su gida uku, kuma ba mu kiran kowane aji na ƙasa ko na sama, sunan ranakun da suke zuwa muke kira da shi. Wanda bai iya karatu ba ina faɗa mashi gaskiya, shekara biyu gare ka ko uku kafin mu yi maganar jarabawa. Wasu na jin haka suke tafiya, na daina riƙe su da daɗin baki. Mai gyaran wayar ya dawo, amma sai da na yarda ya riƙa zuwa bayan isha'i shi da wasu magidanta uku.

Ita kanta jarabawar sai da na koye ta kamar sabon ɗalibi. Wanda ya bar makaranta shekaru ba ya shiga ta 'yan makaranta haka kawai, don ana neman makin gwaje-gwajen da ya tara tun daga aji huɗu, to hanyarshi ita ce ta masu zaman kansu, wadda mutane ke ce ma GCE, ko NECO ta waje da ake yi wajen Nuwamba da Disamba. WAEC na yin tata sau biyu, farkon shekara da ƙarshenta, kuma daga 2024 ta shigo da kwamfuta cikin lamarin, wanda ya sa dole muka nemi aron laftof biyu don akwai waɗanda ba su taɓa riƙe maus ba. Abin nema kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, wato daga A1 zuwa C6, D7 da E8 an ci amma ba su kai ka jami'a. Shekarar farko mun biya ma kowa darasi tara don a ga mun yi ƙoƙari, sakamako ya fito F9, wato faɗuwa, jere kamar an shuka. Yanzu ƙarfinmu muke tarawa kan Turanci da Lissafi, sai Hausa da Addinin Musulunci waɗanda da yawansu da ma suna da tushe, sannan mu tambayi mutum ina ya dosa. Yarinyar da ke son makarantar jinya ba abin da kiredit ɗin Hausa zai yi mata in ba ta da Fizis da Kemistiri da Bayoloji, gara ta sani tun ranar farko. Wurare da yawa na amsar sakamakon zama biyu a haɗe, to wanda ya kawo uku bana ba asara ya yi ba.

Sai lokaci. Na tsara taimtebul mai kyau na liƙa a bango, damina na faɗuwa rabin maza suka tafi gona, kaka ta zo daidai lokacin bita ana yankan dawa ana roron wake. Na sa darasin ƙari ranar Lahadi ashe ranar kasuwar Jibiya ce, masu ƙwadago da 'yan kai-da-kawo duk suna can. Azumi kau ba a magana. Tunda aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin napep kaɗai ya kori wasu 'yan Kwaɗo da ke zuwa kullum. Yanzu su ke zama su yanka ranakun ni in rubuta.

Mata nasu daban ne. Yawanci aure ne ya cire su aji huɗu ko biyar, kuma sun fi mazan naci nesa ba kusa ba, amma fam ɗin da ta cika ba shi ne izini ba. Na taɓa samun amincewar wani miji har ya sa hannu, bayan sati biyu matar ta daina zuwa, ashe uwar mijin ce ba a gaya mawa ba. Malamarmu ta shirya ta je da goro da ɗan turmin atamfa ta durƙusa ta ce "Inna, mun yi laifi, mun shiga gida ta taga", tsohuwa ta yi dariya ta ce to a bar mata jikan a gida kada a riƙa yawo da shi cikin rana. Muka maida ajinsu na hantsi, muka shimfiɗa tabarma bayan aji saboda masu goyo.

Waɗanda rashin tsaro ya koro daga Batsari da Safana da ƙauyukan Jibiya su ne suka fi ba ni tausayi, wasu tun da aka sace ɗaliban makarantar kwana ta Ƙanƙara a Disambar 2020 aka rufe makarantu iyaye ba su sake yarda sun koma ta kwana ba, wasu sun baro gida ba ko takardar haihuwa. Da an zo rajista sai rikicin NIN, wato lambar katin ɗan ƙasa, ya taso, sunan da ke kati daban, na firamare daban, a nan Muhammadu a can Mamman, shekarar haihuwa kau mai cike fam ne ya yanka mashi. JAMB ba ta yi ma kowa rajista ba NIN tun 2021, kuma suna in ya saɓa sai ka yi ta yawon kotu kana rantsuwa.

Duk shekara kuma sai wani ya jawo ni gefe ya ce ya san santar da ake rubuta amsa a allo, in kawo yarana a yi mani ragi. Ba zan ɓoye ba, shekarar da muka kwashi F9 ɗin nan sai da na kwana biyu ina juya maganar. Abin da ya hana ni, na tuna mai gyaran waya, in na sayo mashi kiredit tara ya shiga kwalejin ilimi ta FCE ko Hassan Usman Katsina Polytechnic aka ce ya tashi ya karanta, idon ne zai sake yi mashi ciwo.

Bana mai gyaran wayar ya zauna jarabawa, ya kawo Lissafi da Hausa da Addini, Turanci ya ba shi D7. Ya ce zai sake a zama na gaba. Ranar Litinin za mu je ni da shi a gyara mashi shekarar haihuwa, don katinshi cewa ya yi an haife shi 2009, shi kau ɗiyarshi ta fari tana aji biyu na firamare.