Ranar da malam ya raba mana kalmar bayoloji gida biyu

Ni dai tun ina aji huɗu na sakandare haddar bayoloji kawai nake yi, irin haddar karatun allo, sai dai shi karatun allo in ka yi nisa ana zaunar da kai a yi maka fassara, wannan kuwa ba mai fassara maka komai, ka zuba a takardar jarrabawa ka fito, bayan sati biyu ya bi iska. Haka na yi ta fama har na zo wani lasin na yamma a Tudun Wada lokacin da muke shirin JAMB, inda na haɗu da wani dattijon malami da ya yi ritaya, Allah ya saka masa da alheri.

Ba na manta ranar, lokacin hunturu ne bayan la'asar, ƙura ta cika ajin kowa ya ƙudundune cikin rigar sanyi. Ya rubuta sunan darasin da Turanci, BIOLOGY, da manyan baƙaƙe a allo, ya ɗauki alli ya ja layi a tsakiya, bio gefe guda, sauran gefe guda. Sai ya nuna ni ya ce "kai ɗana, shekara nawa kana karanta wannan abin?" na ce uku Malam. Ya ce "to me sunan yake nufi?" Wallahi shiru na yi, duk ajin ma shiru. Nan ya gaya mana bio daga yaren Girka ta fito, asalinta bios, wato rayuwa, ɗaya ɓangaren kuma daga logos ne, magana ko nazari a kan abu. Shi kenan fa, nazarin masu rai. Ya ce sunan ma ba wani tsoho ba ne can, a 1802 ne wani Bajamushe Treviranus da wani Bafaranshe Lamarck kowa ya yi amfani da shi a rubutunsa, daga nan ya bazu.

Daga ranar sai na fara ganin bio a ko'ina kamar an wanke min ido. Amfibiyan, wato su kwaɗo da danginsa, da na daɗe ina haddacewa ashe cewa ake mai rayuwa iri biyu, kuma duk yaron da ya taso a Zariya ya san wannan, da damina in kududdufi ya cika za ka ga 'ya'yan kwaɗi baƙaƙe masu jela suna iyo kamar kifi, kafin wani lokaci jelar ta ɓace su yi ƙafa su hau tudu. Bayometirik ɗin da ake sa mu dangwala yatsa a banki tun da aka kawo BVN a 2014, awon jikin mai rai ne, metron a yaren Girka awo kenan. Hatta bio ɗin da 'yan mata ke rubutawa a Instagram guntun bayografi ne, rubutun rayuwar mutum.

Amma inda abin ya fi shiga raina sai da na shiga jami'a a Samaru, wata rana ina laburaren Kashim Ibrahim ina duba ƙamus na asalin kalmomi na ga ashe Girkawa kalma biyu gare su. Akwai zoe akwai bios. Zoe galibi ita ce kasancewa da numfashi, abin da mutum da akuya da tsaka duk suka yi tarayya a kai, danginta ne zoon wato dabba, inda aka samo zu na gidan namun daji. Ita kuwa bios ta fi karkata ga yadda mutum ya tafiyar da zamansa na duniya, sana'arsa, halinsa, abin da yake ci da shi. Na ajiye littafin na ce kai, ai wannan rai da rayuwa ne! Mu ma haka muke rabawa ba tare da mun lura ba. Muna cewa ransa ya fita, ranka ya daɗe, Allah ya ja da rai, amma in kuɗin masara ya tashi ba wanda zai ce rai ya yi tsada, rayuwa ce ta yi tsada. A ganina da masanan da suka raɗa wa bayoloji suna sun bi asalin yaren sosai da zoe ta fi dacewa da ilimin, amma bios suka ɗauka suka faɗaɗa ta kuma ta zauna. Sai kuma na tuna a Islamiyya an koya mana hayat da hayawan da Al-Hayyu duk saiwarsu ɗaya, ashe dabarar bin saiwar kalma mun taso da ita a Larabci, kawai ba wanda ya ce mana tana aiki a boko.

Inda sanin ya yi min amfani na gaske shi ne wani hutu da na zauna a kemis ɗin yayana a Sabon Gari. Kullum sai an zo an ce a ba ni ja da yalo guda biyu mura nake yi. Antibayotik fa ake nema, anti kishiya bios rayuwa, magani ne da aka yi don ya kashe bakteriya ko ya hana ta yaɗuwa, tun daga penisilin da Fleming ya gano a Landan a 1928. Ita kuwa mura yawanci bairos ke kawo ta, kafson nan ba abin da zai yi mata, sai dai ya koya wa ƙwayoyin cutar da ke jikinka jure magani, ranar da kake buƙatarsa da gaske ya ƙi ci. Wata baiwar Allah ta zo da goyo tana neman guda biyu na ce "Hajiya ki yi haƙuri, wannan ba na mura ba ne, ki kai shi asibiti a duba shi", ta ɗan ɓata rai ta tafi, abin ya dame ni har dare amma ban yi nadamar hana ta ba.

Yanzu ni ma ina ɗan koyar da yara lasin a Samaru, kuma ranar farko layin nan nake ja musu a allo. Sai dai ina gargaɗinsu kar su ga b da i su ce rayuwa ce, akwai bi na Latin mai nufin biyu, shi ne a basukur mai ƙafa biyu, shi ne ma a biskit, abin da aka gasa sau biyu. Satin da ya wuce ina duba littattafansu na ga wata yarinya ta rubuta simbayosis ta ja layi a tsakiya da jan biro, a ƙasa ta sa "zaman tare", a gefe kuma ta zana balbela tana bin saniya.