Abin da matse igiyar maikurowef ya koya mini

A ɗakin gwaje-gwajen lantarki da nake aiki a nan Kaduna, kusan kowace shekara sai wani ɗalibi ya karanta cewa ana ninka ƙarfin igiyar maikurowef, wato igiyar rediyo mai gajeren zango, ba tare da ƙarin wuta ba, ya zo yana cewa, "Malam, wannan ai siddabaru ne." Sai in miƙa masa alli in ce ya ninka ƙarfi da lokaci.

Misalin da nake ba su shi ne na cibiyar SLAC da ke Kalifoniya a Amurka, inda aka fito da dabarar SLED a 1974, wato dabarar matse dogon bugun igiya ya koma gajere mai ƙarfi. Na'urarsu ta kilaistiron, wadda ke samar da igiyar, tana fitar da megawat 65 na tsawon maikurosakan 3.5 (maikurosakan shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa). Da ka ninka, makamashin jul 228 ne kacal, abin da ƙwan lantarki mai wat 60 zai lanƙwame cikin daƙiƙa huɗu. Adadin wat ɗin ne ke firgita mutum, makamashin kuwa bai taka kara ya karya ba. Wannan ne darasin da ya fi zauna mini: duk wanda ya zo mini da manyan alƙaluma, nakan tambaye shi na tsawon wane lokaci.

Dabarar adashi ce kawai. Ana tura igiyar cikin koguna biyu, wato akwatuna masu rami a ciki, na jan ƙarfe, tana taruwa a hankali. Dab da ƙarshen bugun sai a juya fuskar igiyar da digiri 180. Nan take abin da kogunan ke fitarwa, wanda da yake cin karo da igiyar da ke dawowa daga bakin kogunan, ya koma yana haɗa kai da ita, a kwashe tarin cikin ƙasa da maikurosakan ɗaya. A takarda ninkin ƙarfin ba ya wuce tara. A aikace ba a kai haka, domin bangon kogo yana cin nasa kason ya mayar da shi zafi, wani kuma ya zube tun lokacin tarawa.

Mu dai kayanmu na miliwat ne, amma halin igiya ɗaya ne. Da bazara, wajen ƙarfe biyu na rana, kogon da muka saita da safe yakan goce: ƙarfen ya ɗan buɗe saboda zafi, tsinin da ke kan allon osiloskop, na'urar da ke nuna siffar igiya, ya dusashe, sai an sake murɗa ɗan sukurun saiti a hankali. Ɗalibai su yi ta zargin wayoyin wuta. Shi ya sa manyan cibiyoyi ke zagaya kogunansu da ruwa mai tsayayyen zafi, su kuma zuƙe iskar cikin bututun da igiyar ke bi ko su cika shi da iskar SF6 mai hana tartsatsi, don a megawat ɗari ɗan ƙura ko kaifin bakin ƙarfe ya isa ya tayar da tartsatsi.

Yanzu kafin a kunna komai, sai kowa ya rubuta zafin ɗakin a saman takardarsa.