Daren da Na Raka Littafi Zuwa Makwancinsa a Amritsar

Jirgin ƙasan da ya ɗauko ni daga Delhi ya shafe kimanin awa shida yana ratsa gonakin alkama da hazon sanyi ya lulluɓe kafin ya tsaya a Amritsar, birnin da ke jihar Punjab daf da iyakar Indiya da Pakistan. Wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya ce ta kawo ni: shin har yanzu mutum zai iya zuwa da sabon littafi, jama'a su karɓe shi a matsayin mai tsarki? Ni Musulmi ne, kuma a wurina aya ta 40 ta Suratul Ahzab ta riga ta yanke magana, domin Annabi Muhammadu (SAW) shi ne cikamakin annabawa. Sai dai ina son in ga yadda abin yake a wurin mutanen da littafinsu bai daɗe ba, waɗanda suka san shekarar da aka haɗa shi da sunan wanda ya riƙe alƙalami, wato mabiya addinin Sikh.

Na isa Harmandir Sahib, wanda ake kira Haikalin Zinariya, bayan faɗuwar rana. Na ajiye takalmi, na ɗaura ƙyalle a kai kamar kowa, na bi ta cikin ruwan wanke ƙafa da ke bakin ƙofa, sannan na taka daɓen marmara mai sanyin da ya ratsa ni har gwiwa. Ginin yana tsakiyar wani babban tafki, siririyar gada ce kaɗai ke kaiwa gare shi, kuma a kanta na yi fiye da awa ɗaya a layi ina jin rera baitoci ta lasifika. A ciki littafin yana bisa karaga ƙarƙashin rumfa, an lulluɓe shi da yadudduka masu ado, wani mutum yana kaɗa farar mafici ta gashi a kansa kamar yadda ake yi wa sarki. Sunansa Guru Granth Sahib, shafinsa 1,430 ne a kowane bugu, kuma masu shi ba sa cewa shafi, “ang” suke cewa, wato gaɓar jiki.

Da na fito na zauna a bakin tafkin, wani dattijo mai farin gemu da shuɗin rawani ya matsa mini wuri. Na gaishe shi da “Baba”, ya amsa da fara'a, kuma da ya ji abin da ya kawo ni sai ya soma daga tushe. Guru Arjan, na biyar cikin jagorori goma, shi ne ya tattara baitocin a 1604, Bhai Gurdas yana rubutawa, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne waƙoƙin da ɓangaren yayansa Prithi Chand ke yaɗawa da sunan Guru Nanak, jagora na farko wanda ya kafa addinin. Abin da ya fi taɓa ni shi ne waɗanda aka bari suka shiga: akwai baitocin Shehu Farid, sufi Musulmi na ƙarni na 13 wanda kabarinsa ke Pakpattan a Pakistan ta yau, da na Kabir masaƙi, da na Ravidas baduku. A lokacin ƙofa a buɗe take har ga mutanen waje, amma akwai mai gadi a bakinta yana tacewa.

Na tambaye shi ko wani zai iya ƙara baiti ɗaya yau, idan ya kai na da kyau da hikima. Ya girgiza kai, ya ba ni labarin Ram Rai, babban ɗan jagora na bakwai, wanda ya sauya kalma ɗaya tak a wani baiti na Guru Nanak a fadar Aurangzeb, sarkin daular Mughal ta Indiya, don kada ran sarkin ya ɓaci, mahaifinsa ya ƙi sake ganin fuskarsa, jagoranci ya koma hannun ƙaninsa Har Krishan a 1661. Jagora na goma, Guru Gobind Singh, ya ƙara baitocin mahaifinsa Tegh Bahadur, sannan a 1708 a garin Nanded ya ce babu sauran jagora ɗan Adam bayansa, littafin ne jagora. Shi kansa mawaƙi ne, amma rubuce-rubucen da ake danganta masa suna cikin wani kundi dabam mai suna Dasam Granth, wanda har yau ake jayayya a kan wasu sassansa.

Shekara 104 ke nan tsakanin haɗawa da rufewa, kuma a nan ne na ga bakin zaren. Sabon littafi yana samun masu karɓa, tarihi ya nuna haka. Joseph Smith ya buga Littafin Mormon kwafi 5,000 a Palmyra ta jihar New York a 1830, yau mabiyansa miliyoyi ne, Baha'ullah kuma, wanda ya kafa addinin Baha'i, ya rubuta Kitab-i-Aqdas a Akka wajen 1873. Amma ba kasafai tsohuwar al'umma ke buɗe littafinta ta saka sabon a ciki ba. Manyan majami'un Kirista ba su karɓi na Smith ba, Musulmi ba su karɓi na Baha'ullah ba, kamar yadda sahabbai suka yi watsi da ƙagen Musailama a Yamama. Waɗanda suka karɓa sai sun zama wasu mutane dabam masu sabon suna, galibi bayan kora da ɗauri da zubar jini: an kashe Smith a 1844, Guru Arjan ma a hannun hukuma ya mutu a 1606. Da zarar sun kafu kuma, su ma sai su ja ƙofa. Ko Mormon da ke cewa wahayi bai yanke ba, rabon da su ƙara wani abu a littattafansu tun wata sanarwa da suka yi a 1978. A ganina kyan magana bai isa ba. Sai an sami jama'ar da za ta haddace ta, ta binne matattunta da ita, ta koya wa jikoki har su tashi ba su san lokacin da babu ita ba.

Wajen ƙarfe goma na dare aka busa wani dogon ƙaho mai lanƙwasa. Aka naɗe littafin cikin fararen yadudduka, wani ya ɗauko shi a ka, aka ɗora shi a wani gadon zinariya na ɗauka a kafaɗa da aka yi wa ado da furanni. Maza suka riƙa karɓa-karɓa, kowa ya sa kafaɗa na ɗan taku kaɗan ya ba na bayansa, har aka kai shi ɗakin da yake kwana a ginin Akal Takht da ke fuskantar haikalin. Na ga wani saurayi da bai sami kai kafaɗarsa ba ya miƙa hannu ya shafi sandar kawai, hawaye na zuba a gemunsa. Ban yi sujada tare da su ba, kuma babu wanda ya dube ni saboda haka.

Kafin asuba na dawo, na tarar an mayar da littafin karagarsa. Mai karatu ya buɗe shi ba tare da zaɓen wuri ba, ya karanta baitin da ya faɗo a kai, wanda suke kira hukamnama, wato umarnin wannan rana. Daga baya aka rubuta baitin a babban allo a farfajiya, mutane suka taru suna karantawa, wasu suna ɗauka da waya don aika wa 'yan uwa a Kanada da Ingila. Dattijon jiya yana cikinsu da tabarau a kan hanci, leɓunansa na motsi. Na jira har ya kai ƙarshen layi, sannan na yi masa sallama na nufi wurin da na bar takalmina.